Baba da Karnukan Ƙanƙara

Ƙiiir, ƙiiir. Ƙarar da na fara ji ke nan, ina zaune a kicin bayan azahar ina tsince shinkafa. Irin ƙarar ƙarfe a kan tayil ce, ta zo ta tsaya, ta sake zuwa. Da fari na ɗauka mukayyif ɗin falo ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tashi da rigimarsa, don a zafin Makka ko na'ura sai ta yi kuka. Sai wani abu ya biyo bayanta wanda ya sa na ajiye farantin da ke cinyata. Haushi ne. Haushin kare, a cikin gidana, a hawa na uku a Aziziyya.

Ban san lokacin da na iso falo ba. Babbar siniyyarmu na gani a ƙasa, wadda muke zuba shinkafa ranar Juma'a duk gida a kewaye ta. An ɗaure hannayenta biyu da igiyar shanya. Autata, da ba ta shiga makaranta ba tukuna, tana zaune a kai ta lulluɓa da bargo, ta rungume kwalin madara kamar jariri. Yayarta kuwa, 'yar firamare, ta zagaya igiyar a ƙirjinta, tana rarrafe, tana ja, tana haushi iya ƙarfinta.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Me zan gani haka?"

Babbar ta ɗago kai tana haki. "Mama, ki matsa, kin tare hanya. Ni ce ta gaba. Magani za mu kai."

"Ke ce ta gaba a me?"

"A karnuka mana."

Ta faɗa ne kamar mai cewa ita ce ta ɗaya a aji. Na kwance igiyar, na ɗaga autar na dire ta, na ce kowacce ta je ta wanke bakinta ta yi istigfari. Mu yadda aka rene mu, babu zagin da ya kai a ce maka kare. A unguwar Nakkasa inda na girma, a nan Makka, in karnukan dutse suka sauko neman abinci, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, tattare mu take yi ta rufe ƙofa, ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga inda suke. Yau ga 'yar da na haifa tana haushi a kan tayil ɗin da nake shimfiɗa sallaya.

Na ɗauki siniyyar na kai wurin wanke-wanke. Na wanke da sabulu, na ɗauraye, na sake wankewa. Ina cikin haka sai na tsinci kaina a baranda, na tsoma yatsu a tukunyar na'ana'a ina ɗebo ƙasa, zan cika wanki bakwai. Na tsaya da ƙasar a hannu. Wane kare ne ya lashi siniyyar nan? Babu. 'Ya'yana ne kawai. Na mayar da ƙasar, na ji kunyar kaina ni kaɗai.

A wannan lokacin akwai abin da ya fi wannan damuna, shi ne mahaifina. Tun da aka zo aka rubuta jan rubutu a bangon gidanmu na Nakkasa, daga baya motar rusau ta bi ta kansa, Baba ya dawo wurina. Yayana da ke Jidda ya so ya tafi da shi, gidansa ya fi nawa faɗi, amma Baba ya ce shi ba zai mutu a wajen Makka ba. To zuwansa wurina ma ba rayuwa ya zo yi ba. Ya kwanta a ɗakin da ke kusa da falo, ya juya fuska ga bango. Sallah a kwance, ko a zaune in na matsa. Abinci kuwa, ƙaramin kwano nake zuba masa, ya ci loma biyu ya ture. Likita ya duba shi ya ce ba wata cuta, amma in bai tashi ya taka ba, ƙafafun za su mutu, in suka mutu kuma sauran jiki ba ya daɗewa. Yaya duk zuwansa sai ya ce, "In ba za ki iya ba ki faɗa, mota tana ƙasa." Ni kuma na san in aka sa Baba a motar nan, gawarsa za a dawo mana da ita.

Wannan fa mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana ɗaukar shibriyya a Harami. Yaran yanzu ba su san ta ba. Wani gadon katako ne, a ɗora tsoho ko tsohuwar da ba ta iya tafiya, maza su ɗauka a ka su yi ɗawafi da ita. Har gobe tsakiyar kan Baba ba gashi, fatar wurin ta yi kauri kamar tafin ƙafa saboda gammo. Da kujerun turawa suka yawaita aka daina shibriyya, ya koma tura kujera har gwiwa ta ƙi.

Washegari da hantsi, da zuciyata ta ɗan sauka, na kira babbar na ce ta gaya mini inda ta samo wannan abu. Ta ce malamarsu ce ta nuna musu a darasin ƙasashen sanyi. Ta karɓi jawwal ɗina, wato wayata, ta nemo mini bidiyon, da Larabci, ta jingina shi da gwangwanin sukari, ta ce, "Ki kalla duka, Mama, kar ki yi fushi a tsakiya."

Na kalla. Albasa nake yankawa, amma na ajiye wuƙar.

Wani gari ne can a ƙarshen duniya ta arewa, a bakin teku, inda tekun kansa yake daskarewa ya zama dutse in sanyi ya shigo. Ba jirgin ruwa, ba hanyar mota. A cikin wannan sanyi cutar mashaƙo ta shiga yaran garin, wadda take toshe maƙogwaro har yaro ya kasa jan numfashi. Maganin yana can nesa, tafiyar kwanaki. Sai aka naɗe shi a cikin fata, aka ɗora a wani abin katako marar taya da ke sulɓi a kan ƙanƙara, wanda suke kira zallaja, karnuka suna ja, mutum ɗaya yana tsaye a baya yana kora su. In wannan ya kai iyakar ƙarfinsa ya miƙa wa na gaba, shi ma ya miƙa wa na gaba, ba dare ba rana.

Abin da ya fara tsayar mini da numfashi, wani daga cikinsu da ya iso zango aka tarar hannayensa sun manne da katakon da yake riƙe da shi. Sai da aka zuba masa ruwan zafi kafin su saki. Ni da ko tallaja, wato firji, na buɗe na daɗe sai yatsuna su yi tsami! Wani kuma karnukansa na gaba suka faɗi, sai ya sauko ya sa igiyar a jikinsa, ya shiga gaba ya ja tare da sauran. Wani iska ta kifar da zallajarsa, maganin ya faɗa cikin dusar ƙanƙara, ya cire safar hannu ya dinga lalube da hannu tsirara har ya samo. Akwai inda guguwa ta rufe wa mutum ido, ko karen da ke gaban ƙafarsa ba ya gani, sai ya saki al'amarin ga karen gaba, shi kuma ya bi hanya da hancinsa har ƙofar gari.

Na ce, "Subhanallah. Kare?"

'Yata ta ce, "Kare, Mama."

Na tuna da karen da ya kwanta a bakin kogo yana gadin bayin Allah, wanda muke karantawa duk Juma'a ba tare da na taɓa tsayawa a kansa ba. Amma ba a nan abin ya ƙare ba. Ita ta tashi ta tafi da aka kai maganin, don a wurinta labari ya ƙare. Ni na kalli sauran. Bayan an gama tafi da ɗaukar hoto, wasu daga cikin karnukan nan an sayar da su ga masu nuna abin kallo. Aka ɗaure su da sarƙa a wani ɗaki marar iska a ƙasar zafi, mutane suna shigowa kallonsu, suka rame, suka yi ciwo, sai daga baya mutanen wani gari suka ji tausayi suka fanshe su. Da aka tashi karrama su ma, karen da ya yi tafiya mafi tsawo da haɗari ba shi aka sassaƙa wa gunki ba. Mutanen da suka kora su kuwa, da yawansu 'yan asalin ƙasar ne, ba wanda ya damu da sunansu a lokacin. Na zauna a kujerar kicin ina kuka saboda karnukan da suka mutu tun kafin a haifi uwata, ina kuma mamakin kaina.

Da na kai wa Baba shayi sai na tarar da abin da ban saba gani ba. Ya juyo daga bango. Babbar tana zaune a bakin gadonsa, ashe haushin jiya ya shiga kunnensa, ya kira ta yana tambaya. Yaran Sido suke ce masa, yadda yaran Makka ke kiran kaka, shi kuma matana yake ce musu, irin wasan kaka da jika.

Na ji yana cewa, "To matata, na gaban nan, shi ne ya fi ƙarfi?"

"La, Sido. Masu ƙarfi a baya ake sa su, kusa da kaya. Na gaba shi ne mai jin magana, mai sanin hanya."

Baba ya gyaɗa kai. "Haka ne. Wallahi haka ne. Mu ma haka muke yi." Ya dube ni. "Uwata, kin san ni a gaba nake?"

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Rabon da in ji wannan kira a bakinsa tun muna Nakkasa. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Na girma ina ganinsa yana dawowa da wuya a sanƙare, mahaifiyarmu tana gasa masa da tawul, amma ban taɓa tambayarsa a wane gefen katako yake tsayawa ba.

Ya ce, "Na baya ba ya ganin komai sai ƙeyarka. In ka yi tuntuɓe, tsohuwar mutane ta faɗo a gaban Ɗakin Allah. Kai za ka tsaga jama'a, kai za ka san inda za a rage, kai za ka yi kira." Ya ɗan ɗaga murya, ta fito a shaƙe: "Hashab! Hashab!" Wato katako, katako, ku ba da hanya. Autar ta ƙyalƙyale da dariya ta maimaita.

Sai ya tambayi abin da na yi fatan kar ya tambaya. "Da suka kai maganin, me aka yi musu?"

Babbar ta ce an yi musu gunki. Ya dube ni, ya ga idona, ya ce, "Faɗi gaskiya, Uwata." Na faɗa masa, har sarƙar da ɗakin. Na ɗauka zai koma ga bangonsa. Sai ya yi dariya, wata gajeriya marar daɗi, ya ce, "Ashe ko'ina haka ne."

Maganar nan ta daki ƙirjina fiye da duk abin da na kalla. Na yi kukan karnuka a kicin, ban taɓa kawo wa raina cewa mai irin labarinsu yana kwance a ɗakin da ke kusa da falo ba.

Kwanakin da suka biyo baya yaran suka tare a ɗakinsa. Kullum sai an sake labarin, shi yana gyara musu abin da bai taɓa gani ba. "A'a, ba haka ake shan kwana da kaya ba, na ciki rage taki yake yi." Ya fara zama ya jingina da filo. Amma bai sauko daga gado ba, kwanon kuma yadda na kai haka nake ɗaukowa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Siniyya da igiya na hana, na ce labari da baki ya isa.

Ranar Juma'a maigidana ya tafi masallaci, Yaya kuma ya yi waya cewa yana hanya, za su haɗu can su taho tare. Ina kicin ina soya albasar shinkafa sai na sake jin jan ƙarfe a kan tayil. Wannan karon a hankali yake, da nauyi, kuma ba haushi. Na ce a raina yau sai na zane yaran nan. Na fito da ludayi a hannu.

Baba ne.

A tsaye yake a tsakiyar falo, ba sanda. Igiyar shanyata tana zagaye da ƙirjinsa, ya ninke tawul ya sa a ƙarƙashinta don kar ta ci masa fata. Jallabiyarsa ta yi masa yawa, ƙafafunsa kamar sillen kara suna rawa. Babbar tana riƙe da hannunsa na dama. Autar tana bisa siniyya cikin bargonta tana ihu, "Yalla, Sido, yalla!" Shi kuma yana ɗaga ƙafa ɗaya, ya dire, ya ja, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Hashab, hashab."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Ban san abin da zan fara ji ba. Ubana a tsaye! Ubana da igiya a ƙirji kamar dabba! A daidai nan mukulli ya juya a ƙofa, maigidana ya shigo, Yaya yana bayansa da ledar lemo.

Ledar ta faɗi, lemo ya watse har ƙarƙashin kujera.

Yaya ya ce, "Ke! Mene ne wannan? Ubanmu kuka ɗaure da igiya?"

"Yaya, wallahi yanzu na fito, ban…"

"Yanzu kika fito! Amanar da na bar miki ke nan? In maƙwabta suka leƙo me za su ce? 'Ya'yan wane sun mai da tsohonsu abin wasan yara?"

Babbar, baiwar Allah, ta ɗauka Kawunta bai gane ba ne, in ta yi masa bayani zai ji daɗi. Ta matso da fara'arta ta ce, "Kawu, ba wasa ba ne. Sido ne karen gaba. Shi ya fi kowa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Fuskar Yaya ta canza, ya ɗaga hannu. Na fizgo ta na mayar bayana. Maigidana yana ta cewa, "Salli alan Nabi, Alhaji, yarinya ce." Yaya ya nuna ni da yatsa ya ce, "Haɗa masa kayansa. Yanzu. Ba zai sake kwana a gidan da ake kiransa haka ba."

Sai muka ji, "Kai."

Ba da ƙarfi ba. Amma muryar da muka sani ce tun muna yara, wadda in ta fito ko cokali ba ya motsi.

"Sauke hannunka. Matata za ka daka a gabana?"

"Baba, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji, kunnena bai mutu ba. Tsakanina da matana ne, ina ruwanka? Kai kakanka me da me ba ka ce masa ba, yana dariya?" Ya tsaya ya ja numfashi, igiyar tana hawa tana sauka a ƙirjinsa. "Tun da aka rushe gidan nan, ka taɓa zuwa ka same ni a tsaye?"

Yaya ya sauke hannunsa.

"Na ɗauki mutane a kaina tun kafin a haife ka. Wanda na taka wa ƙafa a cikin cunkoso ya ce mini jaki, ya ce mini abin da ya fi jaki, da harsunan da ban ma sani ba. Ban ajiye katako ba. Ita wannan da ta faɗa, yabona take yi, har ranta. Ka daɗe ba ka ji an yabe ni ba, shi ya sa ka kasa ganewa."

Yaya ya sassauta murya ya ce, "To Baba, na ji. A kwance igiyar dai, don girman Allah."

"Sai na kai. Garin yana ƙofar kicin, haka suka ce mini. Yara suna jira."

Ya juya ya ci gaba. Tsakanin inda yake da ƙofar kicin ba wani nisa ba ne, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawonta ba. Autar ta ƙanƙame kwalinta. Sau ɗaya gwiwarsa ta lanƙwashe, ni da Yaya muka zabura tare, ya ɗaga mana hannu ya ce kar wanda ya taɓa shi. Da ya dafa bakin ƙofar kicin sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zame a hankali ya zauna a ƙasa. Ni na kwance igiyar. Tawul ɗin ya jiƙe sharkaf.

Yaya bai ci abincinmu ba ranar. Ya tsugunna ya sumbaci kan Baba, daidai wurin da ba gashi, ya tashi ya fita ko kallona bai yi ba. Bai tafi da shi ba, bai kuma sake cewa mota tana ƙasa ba. Amma har yau in zancen ya taso cewa yake abin da aka yi bai dace ba, ni kuma ba na iya ce masa ƙarya yake, don ni ma duk sanda na tuna igiyar nan a ƙirjin ubana sai tsigar jikina ta tashi. Yaran dai na zaunar da su daga baya na gaya musu kalmar nan ba a faɗa wa babba ita, ko da yabo ne, ko da Sido ya yarda.

Shinkafar ta kama a ƙasan tukunya, albasar ta ƙone. Na kasa zubawa a siniyyar, sai na raba a faranti-faranti. Baba ya ce ba zai koma ɗaki ba, a falo zai zauna, maigidana ya jingina masa filo. Na zuba masa a ɗan kwanonsa kamar kullum, na ba autar ta kai masa, na tsaya a gaban murhu ina kankare ƙanzo ina share ido da bakin mayafi.

Ban gama ba na ji an ja mini zane. Autar ce, ta miƙo mini kwanon da hannu biyu, ba ko ƙwayar shinkafa a ciki.

Ta ce, "Mama, Sido ya ce wai wannan abincin mage ne. Ya ce ki ƙaro, kuma ki sa nama."